Yadda Ake Kai Ɗalibai Gidajen Tarihin Badagry Daga Zariya

Wannan bayani na malamin makaranta ne, ko shugaban ƙungiyar ɗalibai, ko magidancin da ke son ɗaukar yara daga Zariya ya kai su Badagry su ga kayan tarihin cinikin bayi da idonsu. Badagry gari ne a ƙarshen yammacin jihar Legas, dab da iyakar Seme, inda ake shiga Jamhuriyar Benin. Gidajen tarihinsa ƙanana ne, wani ma bai wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba, kuma yawancinsu suna kusa da juna a bakin ruwa, wajen da ake kira Marina, har ana zagaya su da ƙafa. Na sha kai ɗalibai can. Yaron da aka kai ba shiri, hotuna kawai zai dawo da su, shi ya sa rabin aikin a Zariya ake yin sa.

Kayan da za a tanada

Takardu ne kan gaba. Kowane babba ya riƙe katin ɗan ƙasa, kowane ɗalibi ya riƙe katin makaranta. A haɗa da wasiƙa a kan takardar makaranta mai hatimi da sa hannun shugaba, wadda ta faɗi inda za a je da dalilin zuwa, da jerin sunayen yara, da takardar amincewar iyaye. A yi kwafi uku, a raba wa malamai. Hanyar Legas zuwa Badagry hanyar iyaka ce, cike take da shingayen 'yan sanda da na kwastan da na jami'an shige da fice, kuma mota cike da yara daga Arewa dole a tsayar da ita a yi tambaya. In tafiyar ta iyali ce, babu wasiƙar makaranta, a ɗauki kwafin takardun haihuwar yaran.

Sai kuɗi a hannu, ƙananan canji. Kowane gida da kuɗin shigarsa, jirgin ƙetare ruwa da nasa, mai jagora ma ana sallamarsa. Kada a dogara da tura kuɗi ta waya, sabis yakan yi rauni.

Sauran kayan: littafin rubutu mai ƙaramin bango da biro biyu ga kowane yaro, tufafi marasa nauyi na auduga, takalmin da zai jure rairayi da ruwa, hula ko malafa, gorar ruwa, buta da tabarmar salla, gidan sauro, da akwatin magani mai ɗauke da farasitamol, gishirin haɗa ruwan gudawa, filasta da maganin amai na mota. Ga guzuri, ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyar gyaɗa da garin kwaki sun fi dafaffen abinci, domin zafi da laimar Legas suna saurin lalata abinci. Taswirar Afirka ta Yamma, ko da ta hannu ce aka zana a kwali, kada a bar ta.

1. A karantar da yara kafin a tashi

Darasi biyu ko uku sun isa, amma kada a tsallake su. Abin da ake so yaro ya sani shi ne hanyar da ke tsakanin garinsu da wannan bakin teku tsohuwar hanya ce. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya tashi daga Badagry a Disambar 1825, ya ratsa ƙasar Oyo, ya ƙetare Kwara a wajen Busa, ya iso Zariya a Yulin 1826, ya wuce Kano, sannan Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a Afrilun 1827. Yaronsa Richard Lander ya juyo har ya koma Badagry a ƙarshen shekarar. A sa yara su bi wannan hanya da yatsa a kan taswira. Abin da ya ci wa Clapperton wata bakwai, su za su yi shi a kwana biyu.

Ta irin waɗannan hanyoyi fatake suka riƙa gangarawa da kanwa da dawakai da tufafi, kuma ta nan aka gangara da mutane. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 da rugujewar daular Oyo sun sa Hausawa da Nufawa da Barebari da yawa sun faɗa hannun masu sayarwa, aka kai su tashoshin Ikko (Legas) da Badagry da Porto-Novo da Wida, mafi yawansu kuma aka sauke su a Bahiya ta ƙasar Birazil. Can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, suka sake tayarwa a 1814. A Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban tawaye a birnin Salvador na Bahiya, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, aka kuma samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. In yaro ya san wannan, sarƙar da zai gani ba zai ɗauke ta kayan wasu mutane can ba.

Shekarun da ya kamata su haddace kaɗan ne: 1807 Birtaniya ta haramta wa mutanenta cinikin bayi, 1852 sarakunan Badagry suka sa hannu a yarjejeniyar daina shi, 1863 garin ya shiga ƙarƙashin mulkin Birtaniya, 1888 Birazil ta soke bautar gaba ɗaya. Jimillar waɗanda aka ɗora a jiragen ruwa daga Afirka zuwa nahiyar Amurka ta haura miliyan 12.

In yaran ba su taɓa shiga gidan tarihi ba, a fara gwaji kusa da gida. Arewa House a Kaduna ko Gidan Makama a Kano tafiyar yini ɗaya ce. A can za su koyi tafiya a jere, sauraron jagora, da karanta rubutun da ke ƙasan kaya.

2. Zaɓen lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Ruwan Legas yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ranar ziyara ta kasance tsakanin Talata da Alhamis. A guji ranakun hutu da ƙarshen Disamba, lokacin cunkoso ne. A guji azumi kuma, tafiyar rairayin da ke gaba ba ta mai ƙishirwa ba ce. A samu wani ɗan uwa mazaunin Legas ya je ko ya kira, ya tabbatar gidajen suna buɗe ranar, ya ji kuɗin shiga na rukunin ɗalibai.

3. Hanya

Wadda aka fi bi ita ce Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ibadan, Legas. Akwai ta Birnin Gwari da Mokwa da Jebba da Ilori, ba na ba da shawarar a bi ta da yara. Manyan bas-bas na kasuwa da dare suke tafiya, kuma ni ban yarda a ɗora 'ya'yan mutane a tafiyar dare ba. A yi shatar mota, a tashi bayan asuba, a kwana a Lokoja ko Akure, a ƙarasa washegari. A Lokoja a tsaya yara su ga mahaɗar Kwara da Binuwai, darasi ne a kan hanya. Direbobi biyu sun fi ɗaya. Tun ana saura kwana biyu a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, su ne suka fi kowa sani.

In rukunin ƙarami ne kuma da hali, a hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, a ƙarasa da jirgin sama, ko a tashi daga filin jirgin Kaduna.

Daga cikin Legas ana kama hanyar Badagry ta Mile 2, a wuce Ojo da Okokomaiko da Agbara. Nisan bai kai na Zariya zuwa Kaduna ba, amma cunkoso yana iya mayar da shi tafiyar sa'o'i. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwana a cikin Legas da niyyar zuwa Badagry a dawo rana ɗaya. Za a isa a gajiye da tsakar rana, a yi komai a gurguje, dare ya yi a hanya. A kama masauki a Badagry ɗin, kwana biyu. A shinge kuwa, babba ɗaya ne zai yi magana, ya gaisa, ya miƙa wasiƙa. Yara su yi shiru, kada kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto.

4. Safiyar ziyara da neman jagora

A raba yara ƙungiya-ƙungiya, kada ƙungiya ta wuce goma, kowace da babbanta, 'yan mata da malamarsu. Ɗakunan matsattsu ne, in aka cusa yara talatin na baya ba su jin komai. Da kun sauka samari za su tare ku kowa yana cewa shi jagora ne. Kada a yi ciniki a bakin titi. A shiga gidan tarihin gwamnati a nemi ma'aikatansa su haɗa ku da wanda suka sani, a daidaita kuɗinsa tun kafin a fara, a faɗi wuraren da zai kai ku.

Bayanin da Turanci ake yi. A roƙi jagora ya riƙa tsayawa bayan kowace gaɓa, malami ya mayar da Hausa. A koya wa yara gaisuwa da ladabi, domin biyu daga cikin gidajen nan gidajen iyali ne, jikokin masu su suna zaune a ciki. Mutanen garin Ogu ne, waɗanda ake kuma kira Egun, tare da Yarabawa, sarautar sarkinsu kuwa Akran. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, wasu wuraren ana biyan kuɗinsa daban.

5. Gidan tarihin gwamnati

Da shi ake farawa. A allonsa an rubuta Badagry Heritage Museum, ginin kuwa tsohon ofishin Di'o ne na 1863. Shi ne ke ba da labarin a jere, daga kamu zuwa kasuwa, zuwa jirgi, zuwa gonakin rake, zuwa 'yanci. A tsayar da yara a gaban zanen cikin jirgin bayi, wanda ke nuna mutane kwance a jere kafaɗa da kafaɗa. A ce su ƙirga layi ɗaya. Sa'a ɗaya ta isa a nan.

6. Gidan Mobee da gidan Seriki Abass

Nan ne zuciyar ziyarar, kuma nan ne ba a son gaggawa.

Gidan iyalin Mobee, zuriyar wani basaraken Badagry da ya yi cinikin bayi, ɗan ƙarami ne, amma ƙarfen da ke cikinsa na ainihi ne. Akwai sarƙar wuya, akwai mari na ƙafa, akwai ƙananan da aka ƙera don yara, akwai ƙarfen da ake kulle leɓe da shi, da wani kwanon ƙarfe da ake cewa a ciki bayi ke shan ruwa a durƙushe, hannuwansu a ɗaure. Jagora yakan ɗauko sarƙar wuyan ya ce wa zai gwada. Nauyinta yana saukar da kafaɗar babban mutum. A nan yara ke fara dariya da ɗaukar hoto, wani ya rataya ta yana washe baki. Ka hana wannan tun daga ƙofa, Malam. Ka ce musu wuyan wani ya ɗauki wannan ƙarfe kwana da kwanaki, ƙila ma mai salla ne irinsu, kuma bai koma gida ba. Wanda zai taɓa ya taɓa da hannu, ya ji nauyin, ya miƙa wa na kusa. In wani yaro ya fashe da kuka, a fita da shi ya sha iska, kada a tsokane shi.

Gidan Seriki Williams Abass yana da wani darasin da ya fi wannan wuya. Shi kansa an kama shi yana yaro an sayar, aka kai shi Birazil, ya koyi karatu da harsunan Turawa, ya dawo ya shiga cinikin mutane. Musulmi ne, ya riƙe sarautar Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Ana cewa ɗakunan ajiye bayi arba'in ne a gidan, kaɗan daga ciki aka bari don masu ziyara. A shigar da yara goma ɗaki ɗaya, a tura ƙofa na ɗan lokaci. Taga ɗaya ce ƙarama can sama, iska ba ta shiga, kafin minti ɗaya gumi ya keto. Sannan jagora zai ce mutum arba'in ake zubawa a ciki. Za a nuna musu wata tsohuwar laima a ce da mutum arba'in aka musanye ta, a nuna kwalabe da tangaran da igwa, kowanne da adadin mutanen da aka bayar.

A nan ne littafin rubutu ke aiki. Kowane yaro ya raba shafi biyu: gefe ɗaya abin da ya gani da idonsa, gefe ɗaya abin da aka faɗa masa. Laima abin gani ce, mutum arba'in ɗin kuwa labarin baka ne da aka gada. Ba ƙaryata jagora ake yi ba, labarin baka ma tushen tarihi ne, kamar yadda muka gaji labarin Sarauniya Amina. Koya wa yaro ake yi ya tambaya cikin ladabi: wa ya faɗa, yaushe aka rubuta, a ina aka samo kayan nan?

Wani yaro zai tambaye ka yadda Musulmi ya sayar da mutane. Kada ka kauce, kada kuma ka ɗora laifin duka a kan Turawa ko mutanen bakin teku. Ka ce masa za ku yi maganar da daddare, kuma ka cika alkawari.

7. Tsohon bene da sauran wurare

Benen 'yan mishan da aka gama a 1845 yana nan kusa, kuma Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma 'yantaccen bawa ne da ya zama bishop, ya zauna a ciki. Ana kiransa bene na farko a Nijeriya. Ɗalibin da ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen ƙasar Hausa zai so ya yi gardama. Ka ja shi gefe ka bayyana masa cewa bene irin ginin Turawa ake nufi, ya rubuta ra'ayinsa a littafi. Akwai kuma wurin itacen Agia, inda ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842, da wurin kasuwar bayi ta Vlekete. In lokaci ya ƙure, waɗannan ne za a taƙaita.

Daga nan a yi salla a ci abinci. Azahar a Badagry tana bayan ta Zariya da kusan minti ashirin, saboda garin ya fi mu yamma. Matafiya ne ku, akwai sauƙin ƙasaru, kuma akwai masallatai a garin.

8. Ƙetare ruwa zuwa Gberefu

Tsakanin garin da teku akwai wani ruwa mai faɗi, bayansa kuma tsibirin Gberefu, inda ake fitar da bayi zuwa jiragen da ke jira. Ana ƙetarawa da jirgi mai inji cikin 'yan mintuna. Yawancin yaranmu ba su iya ruwa ba, don haka babu sassauci: babu wanda zai hau sai da rigar hana nutsewa, a ɗaure ta, ba a rataye ba. In rigunan ba su isa ba, a yi sawu biyu. Kada a yarda a ƙara mutum bayan jirgi ya cika, kada kowa ya miƙe tsaye, a sa babba a gaba da baya. A biya kuɗin zuwa da dawowa bisa sharaɗin rabi yanzu rabi in an dawo, a karɓi lambar mai jirgin. In hadari ya haɗo, a fasa.

Bayan an sauka akwai tafiyar ƙasa cikin rairayi, wajen rabin sa'a da yara. Masu babur za su yi tayi. Marar lafiya ya hau, sauran su taka, domin tafiyar ita ce darasin. Ni nakan ce a yi ta shiru. A tsakiyar hanya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Wannan ma gefen abin da aka faɗa zai shiga, kuma kada kowa ya sha.

Ƙarshen hanyar shi ne wurin da ake kira Point of No Return, wato inda ba a dawowa, sai teku. Yawancin yaran ranar ce za su fara ganinsa, kuma za su ruga. A ja layi a rairayi tun daga nesa. Igiyar ruwan nan tana da ƙarfi, tana janye rairayin ƙarƙashin ƙafa, ko wanda ya iya iyo a dam ɗin Shika ba zai iya da ita ba. A zaunar da su, a buɗe taswira, a nuna musu Birazil a ƙetaren ruwan. Wanda ya so ya yi wa mamatan addu'a ya yi. A sha ruwan kwakwa, garin ya shahara da ita, a tattara shara, a ƙirga yara, a koma tun rana ba ta faɗi ba.

9. Hirar dare da aikin bayan dawowa

Bayan isha'i a taru a amsa tambayar da aka ɗage. A faɗa wa yara gaskiya cewa ƙasar Zazzau ma ta yi bauta. An kai hari garuruwan kudu an kamo mutane, an zaunar da su a rumada, wato ƙauyukan bayi, suna noma, an aika da wasu Sakkwato cikin gaisuwar shekara, wasu sun biya murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don ya yi aikin kansa, wasu sun fanshi kansu. Dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa sai a 1936 aka yi ta. A faɗa musu kuma cewa tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne, kuma haramun ne a bautar da ɗa Musulmi, Shehu Usmanu ma ya yi kuka da sayar da Musulmi. A ajinmu akwai Musulmi da Kirista, akwai 'yan birni da 'yan kudancin Kaduna, don haka a kafa doka mai ƙarfi: ba a ambatar gidan kowa, ba a yi wa kowa gorin asali, ko da wasa.

In an dawo Zariya, cikin mako guda kowace ƙungiya ta rubuta shafi biyu daga littattafanta, ta zaɓi abu ɗaya da ta gani ta yi bayaninsa a gaban taron makaranta. Wanda ke da kaka mai tuna labarin fatauci ko na rinji, wato ƙauyen bayi, ya je ya ji daga bakinta ya rubuto, a cire sunayen mutane kafin a karanta a aji. Malami kuma ya haɗa rasitai da lissafin kuɗi ya miƙa wa kwamitin iyaye, tare da lambobin jagora da mai jirgi da masauki, don wanda zai kai rukunin baɗi.